Yadda ake saita burauza ta rage masu bin sawunka a intanet

Wata ranar Asabar da hantsi wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya shigo shagona da ke Agege, ya ajiye wayarsa a kan tebur kamar wanda ya kawo ƙarar ɗansa. Ya ce, "Ɗana, ka gaya mini tsakaninka da Allah, abin nan yana sauraren mutane ne?" Na ce, "Baba, me ya faru?" Ashe makonni biyu da suka wuce likita ya ce masa sukarinsa ya hau, shi kuma ya shiga intanet cikin dare ya duba farashin na'urar gwajin suga. Ko iyalinsa bai gaya wa ba. Tun daga ranar, duk shafin da ya buɗe, na labarin ƙwallo ne ko na farashin dala, sai tallan maganin suga ya tare shi, har yaron shagonsa da ke aron wayar ya tambaye shi ko lafiya.

Na ce masa ba sai an saurare shi ba, sawun da ya bari ya isa. Minti ashirin muka yi a kan wayar. Abin da muka yi shi ne zan shimfiɗa a nan, da ƙarin abin da ya shafi masu kwamfuta da masu shafin kansu.

Roƙo daban, kulle daban

Duk mai layin waya a ƙasar nan ya san lambar 2442. Ka tura STOP, saƙonnin talla su ragu. Kalma ɗaya ce, na'ura ce ke karanta ta, kuma tana aiki ne domin hukumar sadarwa ta NCC ta ɗora wa kamfanonin waya dole su bi. Da babu hukumar a baya, da STOP ɗin nan ihu ne bayan hari.

Saitunan sirri na burauza, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, iri biyu ne, kuma wanda bai bambanta su ba zai kwana da ƙofa a buɗe yana zaton ya kulle. Akwai waɗanda roƙo ne: burauzarka ta gaya wa shafi cewa mai ita ba ya so a bi shi ko a sayar da bayanansa, shafin ya ga dama ya ji, ya ga dama ya yi kunnen uwar shegu. Akwai kuma waɗanda kulle ne: burauzar da kanta take hana abin shiga, ba ta neman yardar kowa.

Tarihin roƙon yana da ban sha'awa, kuma shi zai sa ka gane me ya sa na fi dogara da kulle. Kowane shafi na kirki yana da takardar da ke bayyana abin da yake yi da bayanan mutane, can ƙasa da ƙananan haruffa. Ba mai karanta ta. Wasu masu bincike biyu a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Aleecia McDonald da Lorrie Cranor, sun lissafa a 2008 cewa in mutum zai karanta takardun duk shafukan da yake shiga, zai kashe wajen awa 244 a shekara. To tun kafin wannan lissafi, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta kawo dabara: a rubuta takardar da yaren da na'ura ke ganewa, kai kuma ka gaya wa burauzarka abin da ka yarda da shi da wanda ba ka yarda ba, sai su biyun su daidaita a bayan fage. Sunan tsarin P3P, an tabbatar da shi a watan Afrilun 2002.

Shafi yakan ajiye fayil a adireshin /w3c/p3p.xml, ya kuma liƙa taƙaitaccen bayani a kan kowane saƙo da yake aiko wa burauza, da wasu haruffa uku-uku. NOI na nufin ba ma tattara bayanin da zai nuna ko kai wane ne. OUR na nufin mu da wakilanmu ne kawai za mu taɓa bayanan. TEL na nufin za mu iya kiran ka a waya don talla. UNR na nufin za mu iya miƙa su ga wasu da ba mu san al'adarsu ba. IND kuwa na nufin za mu riƙe su har illa ma sha Allahu. Internet Explorer 6, burauzar kamfanin Microsoft, ta riƙa duba waɗannan haruffa kafin ta karɓi kukis na baƙin kamfanoni, wato 'yan guntayen rubutun da suke ajiyewa a burauza don su gane ka.

Inda gizo ke saƙa shi ne, babu mai tabbatar da cewa abin da shafi ya rubuta gaskiya ne. Masu gina shafuka suka gano cewa duk haruffan da ka zuba, ƙofa za ta buɗe, sai aka yi ta kwafar na juna. Internet Explorer kuma in ta ga kalmar da ba ta sani ba sai ta tsallake ta. Google har jimla ya rubuta a wurin da Turanci, cewa wannan ba takardar P3P ba ce, amma burauzar ta karɓa ta bar kukis suka wuce. Microsoft ya fito fili ya yi ƙorafi a kan haka a watan Fabrairun 2012, Google ya amsa cewa tsarin ya tsufa, bai dace da yadda shafukan zamani ke aiki ba. Daga Windows 10 Microsoft ma ya yar da shi, W3C kuma ta yi masa ritaya a 2018. An ba kura ajiyar nama, an ce ta rubuta rasit da hannunta.

Yanzu sai aiki.

Ka fara sanin da wace burauza kake shiga

Da yawa daga cikin masu zuwa wurina ba su san suna da burauza uku ko huɗu a waya ɗaya ba. Akwai Chrome da ke zuwa da Android. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne suka cika aljihunmu daga Idi-Araba har Alaba Rago, sukan zo da Phoenix. Wani ya sa Opera Mini don tattalin data. Sannan akwai wadda ba a gani: in ka taɓa mahaɗi a cikin Facebook ko Instagram ko TikTok, shafin a cikin manhajar yake buɗewa, kuma duk saitin da ka wahala ka yi a Chrome ko Firefox bai shafe shi ba. Idan haka ta faru, taɓa ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi a buɗe shi a burauzarka ta waje.

Zaɓi guda ɗaya ta zama ta yau da kullum. A Android ka shiga "Settings", sai "Apps", sai "Default apps", ka naɗa ta. Ka sabunta ta a Play Store kafin komai, domin sunayen maɓallai suna canjawa daga siga zuwa siga, wani saitin ma babu shi a tsohuwar.

Kalma ɗaya game da Opera Mini. A yanayin matse data mafi tsanani, shafin da ka nema yana bi ta kwamfutocin kamfanin ne, su matse shi su aiko maka. Da haka datar ke yin auki. Don karanta labarai a cikin danfo lokacin da gosulo ya tsaya cak a Ikeja Along, babu laifi. Harkar banki kuwa ni ba na yin ta a wannan yanayi.

Mataki na biyu: kulle kukis na baƙi

Wannan shi ne babban aikin, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Kuki ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a cikin burauzarka don ya gane ka in ka dawo, kamar katin lamba da ake ba mai mota a gareji. Na shafin da ka shiga da ƙafarka yana da amfani. Shi ke sa ba sai ka sake rubuta kalmar sirri kowane minti ba, shi ke riƙe kayan da ka zuba a kwandon sayayya. Matsalar tana wurin na baƙi. Shafin labarai guda ɗaya yana iya ɗauke da talla da maɓallai da ma'aunin baƙi daga kamfanoni da dama, kowanne yana ajiye nasa katin. In kamfanin talla ɗaya yana zaune a shafin kantin magani, yana kuma zaune a shafin ƙwallo, to da ka shiga na biyun ya gane katin da ya ba ka a na farkon. Abin da ya sami Baba mai albasa ke nan.

A Chrome, waya ko kwamfuta: ɗigo uku, "Settings", "Privacy and security", "Third-party cookies", ka zaɓi "Block third-party cookies". Google ya shafe shekaru yana cewa zai kawar da irin waɗannan kukis daga Chrome baki ɗaya, daga baya a 2024 ya janye, don haka da hannunka za ka yi. Kana nan a sashen, in ka ga "Ad privacy", shiga ka kashe duk abin da ke ciki.

A Firefox: "Settings", ka nemi "Enhanced Tracking Protection", ka ɗaga shi daga "Standard" zuwa "Strict". Tun 2022 Firefox take ware wa kowane shafi tulun kukis nasa daban, ta yadda katin da aka ba ka a wani wuri ba ya aiki a wani. "Strict" yana ƙara toshe wasu masu bin diddigin tun kafin su sauka.

A iPhone: "Settings", ka nemo Safari, ka tabbatar "Prevent Cross-Site Tracking" yana kunne. Safari ta rufe kukis na baƙi gaba ɗaya tun 2020. Burauzar Brave da ta DuckDuckGo kuwa a kulle suke zuwa, babu abin da za ka taɓa.

Bayan ka kulle, share tsofaffin da suka riga suka taru. A Chrome "Delete browsing data" ne, ka zaɓi kukis, ka zaɓi tun farko. Amma tsaya tukuna. Sharewar za ta fitar da kai daga duk shafukan da ka shiga da kalmar sirri. Na taɓa yi wa wani ɗan canji wannan cikin gaggawa ban tambaye shi ba, ashe bai san kalmar sirrin imel ɗinsa ba, ƙaninsa da ke Kano ne ya buɗe masa shekaru biyar da suka wuce. Yini guda muka yi muna neman ƙanin a waya. Tun daga nan sai na tambaya sau biyu.

Wani lokaci kulle yakan hana shafi aiki, musamman wajen biyan kuɗi, inda shafin makaranta ko na wata hukuma ke miƙa ka ga wani kamfanin karɓar kuɗi. In ka ga shafi yana ta juyawa bai wuce ba, kada ka rushe saitin duka. A Firefox taɓa hoton garkuwar da ke gefen adireshi ka kashe kariyar ga wannan shafi kaɗai. A Chrome taɓa alamar da ke gefen adireshi ka ba shi izinin kukis na wucin gadi. Ka gama biya, ka mayar.

Ribar da ba a cika faɗa ba: duk kayan mai bin diddigin da aka toshe tun kafin su sauka, ba a sauke su ba, ke nan ba su ci datarka ba. Wanda ke sayen data ta ɗari biyar-biyar zai ga bambanci.

Mataki na uku: kunna roƙon

Bayan P3P an sake gwada wata dabarar, mai sauƙi ƙwarai. Maimakon shafi ya yi dogon bayani, burauza ce za ta liƙa alama ɗaya a kan kowane saƙo da take aikawa: DNT: 1, wato kada a bi ni. Firefox ta fara sa shi a 2011, sauran suka biyo. Da Microsoft ya kunna shi ga kowa a Internet Explorer 10, masu talla suka ce ai wannan ba zaɓin mutum ba ne, zaɓin kamfani ne, ba za su bi ba. Aka yi ta zama ana tashi, yawancin shafuka ba su bi tsarin ba, kwamitin W3C ya watse a farkon 2019. Apple ya cire maɓallin a shekarar, Firefox ma ta cire nata a farkon 2025. Chrome har yanzu yana da shi. In ka kunna babu wanda zai kama ka, sai dai kada ka sa rai.

Wanda ke da haƙora yanzu shi ne Global Privacy Control, ana taƙaita shi GPC, ya fito a watan Oktoban 2020. Shi ma alama ɗaya ce, Sec-GPC: 1, amma ma'anarta a tsuke take: kada ku sayar da bayanaina, kada ku raba su da wasu. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne doka ta tsaya masa. A jihar Kalifoniya, ofishin babban lauyan jiha ya ɗauke shi a matsayin umarni halastacce, kuma a watan Agustan 2022 kamfanin kayan kwalliya na Sephora ya amince ya biya dala miliyan 1.2, cikin laifukan da aka lissafa har da ƙin mutunta wannan alama. Jihar Kolorado ma ta wajabta bin sa daga tsakiyar 2024. Ka ga ya zama irin 2442 ɗinmu, amma a can.

Mai zaune a Legas fa? Kamfanin da ke bin dokar Kalifoniya yana iya duba inda kake ya ce ba ta shafe ka ba. Wasu kuwa ba sa son wahalar rarrabe mutane, sai su bi alamar ga duk wanda ya aiko ta. Tunda kyauta ne, kunna shi.

A Firefox ta kwamfuta: "Settings", "Privacy & Security", ka sa alama a "Tell websites not to sell or share my data". A ta waya ka dube shi a sashen kariyar bin diddigi da muka shiga ɗazu. Brave da DuckDuckGo suna aika shi da kansu. Mai Chrome a kwamfuta sai ya ƙara mata ƙaramar manhajar Privacy Badger ta EFF, wata ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet. Manhajar na aika alamar tana kuma toshe masu bin sawu. Chrome ta Android ba ta karɓar irin waɗannan ƙare-ƙare, shi ya sa Baba mai albasa ya koma gida da Firefox.

Gani ya kori ji. Buɗe globalprivacycontrol.org, shafin zai nuna maka ko ya ga alamar daga burauzarka.

Allon kukis da ke tare maka hanya

Ka san shi, wannan allo da ke rufe rabin fuskar waya da babban maɓalli mai launi, "Accept all". Kada yatsanka ya riga idonka. Nemi "Reject all" ko "Necessary only". In babu, shiga "Manage" ka kashe komai ban da na dole, ka kuma leƙa ko akwai wani sashe mai suna "Legitimate interest", don a nan ake ɓoye wasu maɓallan a kunne. Zaɓin da ka yi, shi ma a kuki ake ajiye shi, da wasu lambobi da kamfanonin talla ke karantawa a tsakaninsu. Shi ya sa duk lokacin da ka share kukis allon ke dawowa.

Izinin da ka bayar ba ka sani ba

A Chrome ka shiga "Site settings". Duba "Location", "Camera", "Microphone", da "Notifications". Na ƙarshen nan shi ne annobar wayoyin da ake kawo mini. Mutum ya je sauke fim ko waƙa, shafi ya ce taɓa "Allow" ka ci gaba, shi ke nan sai saƙonnin caca da na ƙarya cewa wayarka ta kamu da cuta su yi ta faɗowa dare da rana. Buɗe jerin, ka cire duk shafin da ba ka san shi ba, ka hana sababbi tambaya.

Sai lambar talla, wadda ba a burauza take ba, a jikin wayar take, kuma da ita manhajoji ke gane ka. A Android: "Settings", "Google", ka nemi "Ads", ka taɓa "Delete advertising ID". A iPhone: "Privacy & Security", "Tracking", ka kashe izinin tambaya. Apple ya kawo wannan a 2021.

Kafin ka sauke kowace manhaja, musamman ta bashi, gangara ƙasa a Play Store ka karanta sashen "Data safety". App Store ma yana da irinsa. Jikan P3P ne wannan: bayani a tsare, gida-gida, wanda mai manhajar ya cika da hannunsa. Kuma ya gaji halin kakansa, domin abin da mai kaya ya faɗa ne. Duk da haka, in manhajar tocila ta rubuta da kanta cewa tana kwasar lambobin mutanen da ke wayarka, ai ta gama yi maka bayani.

In kwamfutar ba taka ba ce

Masu zuwa kafe ko shagon buga takardu don cike fom ɗin jarrabawa ko na fasfo, wannan naku ne. Buɗe taga ta sirri kafin ka rubuta komai: Ctrl da Shift da N a Chrome, Ctrl da Shift da P a Firefox. In ta tambaya ko ta adana kalmar sirri, ka ce a'a. Ka gama, ka fita daga asusunka, ka rufe tagar duka. Fayil ɗin da ka sauke, kamar takardar NIN ko hoton fasfo, yana nan a kwamfutar bayan ka tafi, sai ka goge shi daga "Downloads" ka kuma zubar da kwandon shara.

Taga ta sirri tana hana wanda zai zauna bayanka ganin inda ka shiga. Iyakarta ke nan. Shafin da ka shiga yana ganin ka, kamfanin layinka ya san inda ka je, mai kafen ma in ya sa manhajar leƙe zai gani.

Yadda za ka leƙa abin da shafi ke gaya wa na'ura

Wannan na masu son gani da ido ne, kuma a kwamfuta ya fi sauƙi. Rubuta adireshin shafin, ka ƙara /.well-known/gpc.json a ƙarshe. Shafin da ke shelar yana bin GPC zai nuna maka 'yan layuka, a ciki akwai "gpc": true da ranar da aka sabunta. In ka sami shafin kuskure, bai yi shelar ba.

Don ganin saƙonnin da kansu, danna F12, ka zaɓi "Network", ka sake loda shafin, ka taɓa layi na farko. A ɓangaren abin da burauzarka ta aika za ka ga Sec-GPC: 1 in ka kunna shi. A ɓangaren amsa, a wasu tsofaffin shafuka, har yau za ka ci karo da layin P3P da haruffansa uku-uku, ba mai karanta shi, kamar allon kamfanin da ya tashi aka manta ba a cire ba. Kafin ka rufe, dubi tsawon jerin: kowane layi buƙata ce da shafin ya aika, kuma za ka ga sunayen kamfanonin da ba ka taɓa ji ba. Ƙirga su kafin ka kulle kukis da bayan ka sa "Strict".

Akwai kuma shafin Cover Your Tracks na EFF, wanda ke gwada wata hanyar bin sawu da ba ta buƙatar kuki: haɗa girman fuskar na'urarka, da yarenta, da irin haruffan da ke cikinta, har a fitar da kamanninka. Firefox a "Strict" da Brave suna rage wannan, ba sa kawar da shi. In kuma ka shiga shafi da asusunka, ka riga ka faɗi sunanka a bakin ƙofa, babu saitin da zai ɓoye ka.

Ga mai shafin kansa

Yanzu 'yan'uwanmu da yawa masu sayar da atamfa, turare, kilishi ko kayan waya sun buɗe shafi. In kana karɓar suna da lambar waya da adireshin kai kaya, dokar kare bayanai ta Najeriya ta hau kanka. Shugaba Tinubu ya sa mata hannu a watan Yunin 2023, ita ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta kuma ɗora a kan ƙa'idar da hukumar fasahar zamani ta NITDA ta fitar a 2019.

Fara da zama da wanda ya gina maka shafin, ku lissafa duk abin baƙo da ya liƙa: ma'aunin masu ziyara, alamar tallan Facebook, akwatin hira, taswira. Abin da ba ka amfani da shi a cire. Sannan ka rubuta takardar sirri gajera da ke faɗin me kake karɓa, don me, wa kake ba, har yaushe kake riƙewa, da inda za a same ka. In masu sayenka Hausawa ne, rubuta ta da Hausa ma. Kada ka kwafo ta wani kamfanin Amurka, domin za ka yi alkawarin abin da ba ka yi, ka kuma ambaci dokokin da ba su san da zamanka ba. Na ga shafin mai sayar da shadda a nan Legas da takardarsa ke cewa za a warware rikici a kotun wata jiha ta Amurka.

In mai ginin ya kawo maganar P3P, ce masa ya bar shi, babu burauzar zamani da ke karanta shi. GPC kuwa aikinsa kaɗan ne: shafin ya duba ko saƙo ya zo da Sec-GPC: 1, ko ya tambayi burauza ta navigator.globalPrivacyControl, in ya ga alamar ya ƙi loda kayan talla ga wannan baƙo. Sai an yi wannan an gwada ya yi aiki, sannan a ajiye fayil ɗin gpc.json. Wanda ya ajiye fayil ɗin bai yi aikin ba ya maimaita abin da ya kashe P3P, kuma ya rubuta shaida a kan kansa. Dokar Najeriya ta 2023 ta kuma ce in aka sace bayanan mutane a hannunka ta yadda zai iya cutar da su, ka sanar da hukumar cikin awa 72.

In roƙon na'ura bai yi ba, rubuta da hannunka

Dokar 2023 ta ba ka haƙƙin tambayar kamfani abin da ya sani game da kai, da neman a gyara ko a goge, da janye yardar da ka bayar, da hana a yi amfani da bayananka wajen tallan kai tsaye. Ta ce janye yarda ya zama da sauƙi kamar bayar da ita, shiru kuma ba yarda ba ne. Hukumominmu sun nuna suna iya taɓa manya: a watan Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya yana cikin dalilan.

A nan ne takardar sirrin nan da ba a karantawa take da rana. Buɗe ta, kada ka karanta duka, yi amfani da "Find in page" ka nemi "contact" ko "Data Protection Officer", za ka sami imel. Rubuta gajeren saƙo: sunanka, lambar waya ko imel ɗin da suka san ka da shi, abin da kake so a yi, da cewa kana nema ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023. Kada ka haɗa da BVN ko hoton katin banki. Ɗauki hoton saƙon da ranar da ka aika. In suka yi shiru, ko suka ci gaba da turo maka talla, ka kai ƙorafi ga NDPC ta shafinta, ka haɗa da hotunan.

Baba ya dawo bayan sati uku, ba don wayar ba, caja ya zo saya. Na tambaye shi labarin tallan. Ya ce na suga ya ɓace, yanzu tallan taya da na gidaje a Lekki yake gani, abin da ko a mafarki bai nema ba. Sai ya ciro wata wayar daga aljihun babbar riga, ta uwargida ce, ya ce a yi mata irin nasa, amma a bar mata kukis ɗin har sai ya tambayo kalmar sirrinta.